Yadda ake zaɓar kayan kwamfutar tebur ta ofis da kuɗi kaɗan

Wannan bayani na wanda zai sayi kwamfutar tebur ne don aikin ofis: buga takardu, lissafi a Excel, aika saƙo, cike fom a intanet, fitar da rasit. Irin wadda ake buƙata a ofishin makaranta, kantin magani, ƙungiyar manoma ko shagon buga takardu na bakin titi. Aikin nan ba ya cin ƙarfin inji sosai. Abin da ke kashe kwamfuta a Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena abu uku ne: wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Duk zaɓin da za ka yi a ƙasa, ka yi shi da waɗannan ukun a zuciyarka.

Kayan da za ka tanada

Sassan kwamfutar su ne: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin injin, da fankarsa; babban allo, wanda masu shago ke kira carte mère ko madabod; RAM, wato inda injin ke riƙe aikin da yake yi a lokacin; ma'ajiyar SSD; akwatin wuta, wato alimentation; gidan da za a zuba su duka; sikirin; kibod da maus. Sai na'urar riƙe wuta, onduleur ko UPS, wadda mutane da yawa ke ɗauka kamar ƙari ce alhali tana cikin jerin dole.

Don zuwa kasuwa kuma ka riƙe:

- filash mai 8GB ko fiye, ka zuba masa manhajojin duba kayan cikin kwamfuta, CPU-Z, CrystalDiskInfo da HWMonitor, dukansu kyauta ne kuma suna da nau'in da ke buɗewa ba sai an girka ba
- sukurdireba mai baki huɗu, matsakaiciya
- tocilan, ko fitilar wayarka
- takarda da biro don rubuta lambobin kaya
- ƙaramin man furosesa da ake sawa tsakaninsa da fanka, wanda ake kira pâte thermique
- batirin CR2032 guda ɗaya, irin mai faɗin kwabo

Idan ba ka da filash ko ba ka samu saukar da manhajojin ba, Windows kanta tana nuna yawancin abin da kake nema. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga shafin Performance, za ka ga sunan furosesa, yawan RAM da irin ma'ajiyar da ke ciki.

1. Rubuta aikin, sannan ka raba kuɗin

Kafin ka taka ƙafa shago, rubuta manhajojin da za a riƙa buɗewa kullum, mutum nawa ne za su yi amfani da injin, da awa nawa zai yi a kunne. Tambayi kanka ko akwai firinta, da wace irin waya take shiga, da kuma ta inda intanet zai zo. Wannan takarda ita ce za ta kare ka daga daɗin bakin mai sayarwa.

Daga kuɗin da ke hannunka, ka fara cire na onduleur da na sikirin ka ajiye gefe. Abin da ya rage shi ne kuɗin injin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a furosesa mai babban suna, a dawo ofis a jona shi kai tsaye a bango. Wata uku a tsakani wuta ta ƙone allon, an yi asarar duka.

2. Sabo za ka haɗa, ko na hannu za ka saya?

Hanya biyu ce. Ta farko ka sayi sassa sababbi ɗaya bayan ɗaya a haɗa maka. Ta biyu ka sayi injin kamfani na hannu, wanda a kasuwa ake ce wa okaziyon, irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, ka ƙara masa RAM da SSD sabo.

Ga mai ƙaramin kuɗi, ta biyun ta fi riba a mafi yawan lokuta. An ƙera injinan ne don su wuni suna aiki shekara da shekaru. Waɗanda suka dace su ne Dell OptiPlex 3060, 5060 ko 7060. HP ProDesk 400 G5, ProDesk 600 G4 ko EliteDesk 800 G4. Lenovo ThinkCentre M720 ko M920. Dukansu suna ɗauke da furosesa Intel zubi na 8 ko na 9 (zubi shi ne jerin ƙirar furosesa), kuma za ka ga muhimmancin wannan a mataki na gaba. Aibinsu guda ne: akwatin wutarsu da allonsu na musamman ne, ba a sa musu na kasuwa gama-gari. Idan akwatin wutar OptiPlex ya mutu, sai ka nemo irin nasa sak. Don haka ka tambayi mai shago tun farko ko yana da kayan gyaran wannan lambar. Idan ofis zai sayi inji uku ko huɗu, ku sayi iri ɗaya, ta yadda wanda ya lalace zai zama kayan gyaran sauran.

Haɗa sabo ya fi tsada, amma kowane sashe ana iya canza shi shi kaɗai, kuma kana samun garanti.

3. Furosesa

Nan ne aka fi yaudarar masu saye. Mai shago zai nuna maka tambarin i7 ya ce babu kamarsa. Sunan i3, i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zubin. Zubin yana cikin lambar da ke biye: i7-3770 zubi na 3 ne, na shekarar 2012, i5-8500 zubi na 8, i3-10100 zubi na 10, i3-12100 zubi na 12. A aikin ofis i3-12100 ya fi wancan tsohon i7 sauri nesa ba kusa ba, kuma ya fi shi ƙarancin cin wuta da zafi.

Kada ka sauka ƙasa da zubi na 8. Dalili: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsohon inji, amma ba abin dogaro ba ne ga ofishin da ke riƙe da lissafin kuɗin jama'a.

Waɗanda suka isa aikin ofis:

- Intel i3-8100 mai ƙwaya 4 (ƙwaya ita ce sashen aiki a cikin furosesa, wato core), ko i5-8500 mai ƙwaya 6, a injinan hannu
- Intel i3-10100 ko i3-12100, idan sabo za ka haɗa
- AMD Ryzen 5 5600G mai ƙwaya 6, ko Ryzen 3 3200G idan kuɗi ya yi ƙasa sosai

Ka lura da harafin ƙarshe, domin shi ne tarko na biyu. Intel mai ƙarewa da F, kamar i3-12100F ko i3-10100F, ba shi da sashen nuna hoto a cikinsa. Ya fi araha kaɗan, amma idan ka haɗa shi sikirin zai tsaya baƙi ƙirin har sai ka sayi katin hoto daban, wanda kuɗinsa ya ninka abin da ka rage. A ɓangaren AMD na soket AM4 (soket shi ne gurbin da furosesa ke zama a kan allo) kuma akasin haka ne: ka nemi mai G a ƙarshe. Ryzen 5 5600G yana nuna hoto, Ryzen 5 5600 da 5500 da 3600 ba sa nunawa. Kwamfutar ofis ba ta buƙatar katin hoto ko kaɗan. Ƙarin zafi ne da ƙarin cin wuta kawai.

Harafin T, kamar i5-8500T, yana nufin mai cin wuta kaɗan, wat 35 maimakon 65. Shi ake samu a ƙananan injina masu girman littafi, kuma za mu dawo kansa a maganar sola.

Furosesa sabo a kwalinsa yakan zo da fankarsa, kuma ta isa. Idan an sayar maka da shi tsirara ba kwali, ka tuna sayen fanka da ta dace da soket ɗinsa.

4. Babban allo

Furosesa ne ke zaɓar allo. Kowane yana da soket ɗinsa:

- zubi na 8 da na 9: soket LGA1151, allo H310, B360 ko B365
- zubi na 10: LGA1200, allo H410 ko H510
- zubi na 12: LGA1700, allo H610
- Ryzen 5 5600G: AM4, allo A520 ko B550, B450 ma yana ɗauka idan an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar cikin allon da ke tayar da inji
- Ryzen 3 3200G: AM4, amma allo A320 ko B450, domin A520 da B550 ba a yi su don shi ba

Hattara da allon H110 da B250. Su ma LGA1151 aka rubuta musu, furosesa zubi na 8 zai zauna a ciki daram, amma ba zai tashi ba, na zubi na 6 da na 7 ne. Haka allon H610 iri biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, kuma an rubuta a jikin kwalin. Ka ɗauki mai DDR4 idan RAM ɗinsa ya fi sauƙin samu a garinku.

Girman microATX ya wadatar. Juya bayan allon ka ƙirga ramuka: aƙalla USB huɗu, ramin wayar intanet, da mafitar hoto da ta dace da sikirin ɗinka, HDMI ko VGA ko DisplayPort. Ka tabbata akwai gurbin M.2 don SSD.

Idan allon na hannu ne, haska soket ɗin da tocilan. A Intel alluran suna jikin allon, siriri kamar gashi. Ko ɗaya ya lanƙwashe, ka ajiye shi. A AMD na AM4 alluran suna jikin furosesa, sai ka duba can. Duba kuma ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon: wanda kansa ya kumbura ko ya zubo da wani abu kamar tsatsa ya gama aiki.

5. RAM

8GB shi ne mafi ƙanƙanta da za a yarda da shi. Windows 11 tana tashi da 4GB, amma da ka buɗe Chrome da shafi biyar da Word, injin zai fara rarrafe. Idan da hali ka yi 16GB, musamman inda ake aiki da manyan teburan Excel ko ake buɗe WhatsApp da wasiƙu da fom lokaci guda.

Sanda biyu sun fi sanda ɗaya. 8GB biyu sun fi 16GB guda sauri, saboda furosesa yana ɗiba ta hanya biyu a lokaci ɗaya, kuma sashen hotonsa da RAM ɗin yake aiki. A allo mai gurbi huɗu, ka sa su a gurbi na 2 da na 4 idan ka ƙirgo daga wajen furosesa. Idan kuɗi bai kai ba yanzu, sayi 8GB guda ɗaya ka bar gurbin biyu a buɗe. Ya fi ka cika gurabun da 4GB biyu, waɗanda dole ka zubar ranar da za ka ƙara.

DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna. Tsagar da ke ƙasan sandar ba wuri ɗaya take ba. Idan ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi. Ƙananan injina kuma gajeriyar sanda suke ɗauka irin ta laftof, mai suna SO-DIMM. Batun gudu, DDR4-3200 ya dace da 5600G da i3-12100. Idan ka sa shi a kan i5-8500 zai yi aiki, sai dai zai sauka zuwa 2666 da kansa, kuma ba illa ba ce.

6. Ma'ajiya

SSD, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Babu sashen da ke canza saurin kwamfutar ofis kamar wannan. Tsohon faifai yana karanta kimanin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya, SSD irin NVMe ya ninka haka sau da yawa. Bayan sauri, SSD ba shi da allura mai motsi, don haka girgizar hanya ba ta ɓata shi da sauƙi kamar faifai.

256GB ya isa Windows da manhajojin ofis da takardu na shekaru. Inda ake tara hotuna da takardun da aka yi wa sikanin, a ɗauki 512GB. Idan mai shago ya ce zai ba ka faifai mai 1TB a madadin SSD mai 256GB a kuɗi ɗaya, ka ƙi. Wurin ajiyar da ba za ka cika ba bai kai saurin da za ka rasa kullum ba.

SSD kam ka saye shi sabo, ko da sauran injin na hannu ne, kuma daga sunan da aka sani: Samsung, Crucial, Kingston, WD. Akwai jabu a kasuwa, kwali ya ce 1TB cikin kuwa ɗan kaɗan ne, sai ya fara cinye takardu ba tare da gargaɗi ba. Farashin da ya yi araha fiye da hankali alama ce. Duba kuma gurbin M.2 na allonka: wani NVMe yake ɗauka, wani SATA, wani duka biyun, kuma siffarsu ta yi kama. Littafin allon ne zai faɗa maka. Tsawon da aka saba shi ne 2280.

7. Akwatin wuta

Injin ofis marar katin hoto yana cin wat 30 zuwa 90 ne, gwargwadon aikin da yake yi. Akwatin wuta mai wat 350 zuwa 450 ya isa har da rara. Inganci za ka nema, kada lambar da aka buga a jiki ta ruɗe ka. Akwatunan da ke zuwa kyauta a cikin gida mai araha sukan ce 500W ko 600W alhali ba sa ba da rabin haka, kuma ba su da kariyar da za ta tare wuta mai yawa. Ranar da irinsu ya ƙone yakan tafi da allo da SSD tare.

Nemi mai tambarin 80 Plus, Bronze idan ya samu, daga kamfani irin Corsair, Cooler Master, Seasonic ko FSP. Ɗaga shi a hannu: mai kyau yana da nauyi, jabu kamar gwangwanin madara yake. Ka ga yana da babbar waya mai baki 24, da ta furosesa mai baki 8 da ke rabuwa huɗu-huɗu, da wayoyin SATA.

Ga gargaɗin da ya kamata kowa ya haddace. Wutar Kamaru da Chadi volt 220 ce. Wasu tsofaffin injina da akwatunan wuta, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Idan yana kan 115 ka jona shi, ƙara ɗaya za ka ji da hayaƙi. Kafin ka sa wa kowane inji wuta karon farko, leƙa bayansa. In akwai makunnin, mai da shi 230. In babu, karanta takardar jikinsa ka ga an rubuta 100-240V ko 200-240V.

8. Gida da iska

Gidan ba ya buƙatar gilashi ko fitilu masu launi. Abin nema shi ne gaba mai raga da iska ke ratsawa, matatar ƙura da ake zarewa a wanke, da gurbin fanka biyu masu milimita 120: ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan gidan ya zo da fanka ɗaya tal, sayi ta biyu, kuɗinta kaɗan ne. Gida mai rufaffen gaba yana dafa kayan ciki a watan Afrilu.

Wajen ɗaura allo, tabbatar an sa ƙananan ƙusoshin tagulla da ke ɗaga shi daga jikin ƙarfe, kuma a daidai ramukan allon kawai. Guda ɗaya da ta zauna inda babu rami tana iya haɗa wuta ta ƙasa ta hana injin tashi.

9. Kariyar wuta

Onduleur mai 650VA, wanda ke ɗaukar kimanin wat 360 zuwa 390, ya isa inji ɗaya da sikirin da na'urar intanet. A cikinsa yawanci batir ɗaya ne mai volt 12 da 7Ah. Da sabon batir zai ba ka minti 10 zuwa 20. Amfaninsa ke nan: ka adana aikinka ka kashe injin yadda ya kamata, ko ka jira a tayar da janareta. Wanda ya ci gaba da aiki a kai har ya mutu da kansa yana kashe batirin da wuri.

Zaɓi wanda aka rubuta wa AVR, mai daidaita wutar da ta yi ƙasa ko sama ba tare da ya koma kan batir ba. A unguwar da wuta ke yin rauni sosai da yamma har ƙwan fitila ya koma ja, sa stabilaiza mai 1000VA tsakanin bango da onduleur. Tsarin shi ne bango, stabilaiza, onduleur, sannan kwamfuta. Stabilaiza mai jinkirin kunnawa ta fi, domin tana riƙe wutar 'yan daƙiƙu bayan ta dawo, kuma lokacin dawowar ne aka fi ƙona kaya.

Kada ka jona firinta mai leza ko injin fotokwafi a onduleur. Lokacin da take ɗumama tana jan ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, sai onduleur ya yi kuka ya yanke wa kwamfutar wuta. Firinta ta bi ta stabilaiza ko bango. Haka butar lantarki da fankar tsaye.

Sabon onduleur a bar shi a caji awa 8 kafin a fara amfani da shi. Zafi yana rage wa batirinsa rai, don haka a yankinmu ka sa ran canza shi cikin shekara biyu ko ƙasa da haka. Batirin kaɗai ake canzawa, ba sai an sayi sabuwar na'ura ba. Gwada shi duk wata: zare filoginsa daga bango ka ga ko zai riƙe minti biyar.

Idan ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan jan hannu, ginin ba shi da wayar ƙasa. Kira mai gyaran wuta ya kafa sandar tagulla ya jona. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana walƙiya, zare filogi da wayar intanet gaba ɗaya. Babu onduleur da ke tare tsawa.

Inda babu wutar gari, ko take yin kwanaki ba ta zo ba, canza lissafin tun daga tushe: sayi ƙaramin inji, wato OptiPlex Micro, ProDesk Mini ko ThinkCentre Tiny mai furosesa T. Shi da sikirinsa suna cin kimanin wat 40 zuwa 50. A wunin aiki na awa 8 ke nan wat-awa 320 zuwa 400. Batirin sola mai volt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, kuma idan na dalma ne rabi ya kamata a ci don ya daɗe, wato 600. Batir ɗaya ya riƙe wunin ke nan. Ka dai tabbata an ba ka cajar injin ta asali mai wat 65 ko 90, domin Dell da HP sukan rage gudun furosesa idan ba su gane cajar ba.

10. Sikirin, kibod da intanet

Sikirin inci 22 zuwa 24 mai 1920x1080. Ƙasa da haka teburin Excel ba ya fita sosai, ido kuma yana gajiya. Nau'in IPS ya fi, musamman a shagon da abokin ciniki ke leƙowa daga gefe yana duba takardarsa. Injinan kamfani da yawa DisplayPort gare su, sikirin kuwa HDMI ko VGA, don haka ka sayi wayar da ke haɗa su tun kana shagon, a gwada a gabanka.

Kibod yana bin harshen aikin. Ofishin da ke rubuta Faransanci yana buƙatar AZERTY mai é, è, ç da à a fili. Kayan da suka shigo ta Najeriya ko Dubai galibi QWERTY ne, kuma suna wahalar da sakataren da hannunsa ya saba da AZERTY. A Chadi, inda Larabci da Faransanci duka harsunan hukuma ne, nemi mai haruffa biyun, ko ka sayi takardar mannawa ta haruffan Larabci. Don ɓ, ɗ da ƙ, ana ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe na Windows. Masu waya sun fi marasa waya a ofis: babu neman batir, babu ɓatan ɗan ƙaramin makarin USB.

Injin tebur yawanci ba ya zuwa da Wi-Fi. Ƙaramin makarin Wi-Fi na USB ya magance wannan. Idan intanet ɗin daga layin waya ne, MTN ko Orange a Kamaru, Airtel ko Moov a Chadi, kana iya jona wayar da kebul ka kunna rabawa ta USB.

11. Gwaji kafin ka biya

Kada ka karɓi inji a rufe cikin kwali. A kunna shi a gabanka, ka bi waɗannan:

Shiga BIOS da F2, F10, F1 ko Delete, gwargwadon kamfanin. Idan ya nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, bar shi. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya, batirin CR2032 ne ya mutu, canza shi minti biyu ne.

Buɗe CPU-Z ka kwatanta lambar furosesa da yawan RAM da abin da aka faɗa maka. Tambarin da aka manna a gaba ba hujja ba ne. Buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi aiki: SSD da aka ce sabo ne bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba, kuma alamar rawaya ko ja tana nufin a ajiye shi. Sannan buɗe HWMonitor, ka kunna bidiyo da shafuka da yawa na minti 15. A zaune zafin furosesa ya tsaya tsakanin digiri 35 da 50, a cikin aiki kada ya wuce 85. Idan ya wuce, a cire fanka, a goge tsohon man da ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya.

Soka filash a kowane ramin USB, gaba da baya. Buɗe farin shafi sannan baƙi ka duba sikirin ko akwai ɗigo ko layi. Buɗe Notepad ka danna kowane harafi na kibod. Daga ƙarshe a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar kowane sashe, lambar jikin injin, da kwanakin garanti. Alkawarin baki ba ya dawo da kuɗi.

Idan daga Duwala ko Yawunde aka aiko maka da kayan, sun sha jirgin ƙasa zuwa Ngaundere da doguwar mota bayan nan. Inji da ya iso ya ƙi nuna hoto, ko yake ƙara yana tsayawa, mafi yawanci RAM ne ya girgiza. Zare wuta, cire sandar, mayar da ita har maƙallan gefe biyu su ce ƙas, ka duba fankar furosesa ko ta saki, kafin ka yanke cewa ya lalace.

12. Manhaja da zaunar da injin

Injinan kamfani da aka sayar da Windows suna da lasisinsu a cikin BIOS, kuma yakan kunna kansa idan aka girka nau'in da ya dace aka jona intanet. Sa a goge komai a girka sabuwa daga filash da aka yi a shafin Microsoft. Windows da Office na fashi da ake zubawa kyauta a shago suna zuwa da ƙwayoyin cuta a ɓoye. Idan babu kuɗin Office, LibreOffice kyauta ce, tana buɗe takardun Word da Excel, kuma akwai ta da Faransanci da Larabci. Idan kuma tsohon inji ne a hannunka, zubi na 4 ko na 6, kuma babu halin canzawa, sa masa SSD da 8GB ka girka Linux Mint a madadin Windows, bayan ka tabbatar firintarka da manhajar lissafinku suna aiki a kai.

Ɗora injin a kan tebur ko benci, aƙalla santimita 30 daga ƙasa, nesa da taga, da tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. A rufe shi da ƙyalle bayan an kashe, amma ko kusa kada a rufe shi yana kunne. Da hunturu a wanke matatar ƙura duk sati biyu, a buɗe gidan duk wata uku a hure shi da abin hura iska a waje, ana riƙe da fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta da ƙarfi. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusanci cikinsa. Kowace Juma'a kafin a tashi, a kwafe takardun ofis zuwa filash ko faifan waje, a ajiye shi a aljihun tebur daban ko a tafi da shi gida.